Tsibiran Maluku: inda kanumfari da gyaɗar ƙamshi suka samo asali

Tambaya: Malam, a darasin labarin ƙasa na ci karo da wasu tsibirai da ake kira tsibiran kayan ƙamshi. Wasu sun ce Zanzibar ake nufi, wasu kuma sun ce suna ƙasar Indonesiya. Ina suke, yaya yanayin ƙasarsu yake, kuma me ke cikin ƙasar da ya sa aka ce a da can kaɗai kanumfari da gyaɗar ƙamshi suke fitowa?

Amsa: Ɗan'uwa mai tambaya, tsibiran da suka fara samun wannan laƙabi su ne tsibiran Maluku da ke gabashin Indonesiya. Zanzibar daga baya ta samu nata, bayan an kai mata irin kanumfari a farkon ƙarni na 19, kuma zan zo kan yadda hakan ya faru. Sai dai akwai wani zato a cikin tambayarka da ya kamata a gyara tun daga farko, domin a kansa amsar ta rataya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa akwai wani sirri a cikin turɓayar waɗannan tsibirai da babu shi a ko'ina a duniya. Ƙasar tana da albarka, babu musu, amma abin da ya tsare waɗannan bishiyoyi biyu a wuri ɗaya na dubban shekaru shi ne teku mai zurfi da ya kewaye su, tare da halin irinsu wanda ba ya jure doguwar tafiya. Ranar da ɗan Adam ya gano yadda zai ƙetare da dashen a raye, bishiyoyin sun yi kyau a wurare masu nisa da ba su da ko dutse mai aman wuta guda ɗaya.

Tsibiran Maluku suna warwatse ne tsakanin babban tsibirin Sulawesi ta yamma da tsibirin Niyu Gini ta gabas. Ta arewa suna fuskantar tekun Pasifik da ƙasar Filifin, ta kudu kuma suna gangarawa har kusa da Timor da tekun Arafura wanda ya raba su da Ostireliya. Yawansu ya kai kimanin dubu ɗaya, da yawansu babu kowa a kai, kuma idan aka haɗa faɗin busasshiyar ƙasarsu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 75,000 ba, alhali ruwan da ke tsakaninsu ya ninka haka sau da dama. Layin ikwaita ya ratsa ta kudancin Halmahera, saboda haka zafin bakin teku ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata, kuma iska a jiƙe take kusan kullum. Tun shekarar 1999 an raba yankin zuwa larduna biyu: lardin Maluku mai hedikwata a birnin Ambon, da lardin Maluku ta Arewa mai hedikwata a Sofifi, ko da yake Ternate ne birni mafi girma a cikinsa. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen larduna biyun sun ɗan haura miliyan uku.

Manyan tsibiran guda uku ne. Halmahera, mai rassa huɗu da suka yi kama da harafin K, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 17,800. Seram bai kai shi ba da kaɗan, kuma jerin tsaunuka ne ya ratsa tsakiyarsa, cikinsu har da Binaiya mai tsawon mita 3,027, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Maluku. Na uku shi ne Buru. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan manya da ya ba wa yankin sunan da ya yi a duniya. Kanumfarin kasuwa ya fito ne daga ƙananan tsibirai biyar da suka jeru daga arewa zuwa kudu a gefen yammacin Halmahera: Ternate, Tidore, Moti, Makian da Bacan. Huɗun farko duwatsu ne masu aman wuta da suka ɓullo kai tsaye daga cikin teku. Tsibirin Ternate kansa dutsen Gamalama ne, mai tsawon mita 1,715, kuma birnin yana maƙale ne a gindinsa ta gabas, tsakanin gangare da ruwa, yana kallon dutsen Kie Matubu na Tidore da wani siririn mashigi ya raba su. Ita kuwa gyaɗar ƙamshi, gidanta yana fiye da kilomita 600 kudu da nan, a tsibiran Banda, wasu ƙananan tsibirai kusan goma a tsakiyar tekun Banda, kimanin kilomita 140 kudu da Seram. Mafi girmansu, Banda Besar, tsawonsa kusan kilomita 12 ne. Tsibirin Run kuwa, wanda Ingila da Holan suka yi ta zubar da jini a kansa, tsawonsa kilomita 3 ne, faɗinsa bai fi kilomita ɗaya ba.

Domin a fahimci dalilin da ya sa ƙasar ta zama tarkacen tsibirai haka, sai an leƙa abin da ke ƙarƙashinta. Ɓawon duniya a farfashe yake zuwa manyan farantai da ke motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kuma Maluku tana daidai inda huɗu daga cikinsu suke gogayya: farantin Ostireliya da ke turowa daga kudu, na Pasifik da na tekun Filifin daga gabas, da na Asiya daga yamma. A arewa wani abu yake faruwa wanda ba a cika ganin irinsa ba. Ƙaramin farantin da ke ƙarƙashin tekun Maluku yana nutsewa ta ɓangarori biyu a lokaci guda, ta gabas a ƙarƙashin Halmahera, ta yamma a ƙarƙashin jerin tsibiran Sangihe, har ya kusa ɓacewa baki ɗaya. Duk inda faranti ya nutse cikin zurfin ƙasa, ruwan da ke jikinsa yakan fita ya sa duwatsun da ke samansa su narke, narkakken dutsen ya nemi hanya zuwa sama, shi ya sa Gamalama da Kie Matubu da Makian suke a jere kamar an ja musu layi. A kudu kuma akwai abin da masana suke kira bakan Banda, jerin tsibirai biyu da suka lanƙwasa har suka kusa juyowa inda suka fito. Na ciki duwatsu ne masu aman wuta irin su Damar, Nila, Serua, Manuk da Gunung Api na Banda. Na waje, wato Tanimbar, Kai, Seram da Buru, ƙasa ce da gogayyar ta ɗaga sama ba tare da wuta ba. A tsakanin jerin biyu akwai wani rami a ƙasan teku da ake kira ramin Weber, wanda zurfinsa ya zarce mita 7,000.

Wannan zurfi shi ne muhimmin abu. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ruwan teku ya ja baya da kusan mita 120. A lokacin Sumatra da Java da Borneo sun haɗe da nahiyar Asiya, Niyu Gini kuma ta haɗe da Ostireliya, dabbobi da tsirrai suka yi ta ketarewa a kan busasshiyar ƙasa. Mafi yawan tsibiran Maluku ba su haɗe da kowa ba, domin mita 120 ba komai ba ne a tekun da zurfinsa ya kai dubbai. Duk abin da ya isa can da fiffike ya je, ko a kan itacen da ruwa ya kwaso, ko a cikin jirgin mutane, kuma abin da ya rayu a can ya ci gaba da sauyawa shi kaɗai. Shi ya sa babu giwa, babu damisa a dazuzzukan Seram da Halmahera, amma akwai kuskus mai renon ɗansa a jakar ciki irin na Ostireliya, da aku masu tukku da ba a samunsu a wani wuri. Masanin halittu ɗan Ingila Alfred Russel Wallace, wanda ya mayar da Ternate sansaninsa daga 1858, shi ne ya fara bayyana wannan rabuwa sosai, kuma daga Ternate ne ya aika wa Charles Darwin takardarsa kan yadda halittu suke sauyawa a wannan shekarar. Tsibiran Aru da ke kudu maso gabas su ne suka fita daban, kuma fitarsu ta ƙara tabbatar da zancen: ruwan da ke tsakaninsu da Niyu Gini ba shi da zurfi, a da ƙasa ɗaya ce, don haka a Aru akwai tsuntsu kasuwari da ƙananan dangin kangaru, alhali maƙwabtansu na Kai, da ruwa mai zurfi ya raba su, ba su da irin wannan yalwa.

Yanzu sai mu dubi bishiyoyin da kansu, domin rabin amsar tana jikinsu. Kanumfarin da muke sa wa a kunu da shayi da yaji ba iri ba ne. Tohon fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Bishiyar takan kai mita 10 ko fiye, ba ta fara bayarwa sai ta shekara shida zuwa takwas, kuma ba kowace shekara take cika ba, sau da yawa sai bayan shekara uku ko huɗu ake samun babbar kaka. Tohon yana fara fitowa kore, sannan ya soma yin ja-ja, kuma a wannan ɗan taƙin ne dole a tsinke shi, domin idan ya buɗe ƙimarsa ta faɗi. Masu tsinka suna hawa ne da tsanin gora, su ɗaure igiya a rassa, su riƙa karyo gungun toho da hannu suna zubawa a buhu. Da dare iyali sukan zauna su raba toho da sanda, washegari a shimfiɗa a kan tabarmi ko leda a tsakar gida da gefen titi. Bayan kwana huɗu ko biyar na rana mai kyau sai launinsa ya koma baƙi-baƙi, nauyinsa ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma alamar ya bushe ita ce ya karye ƙas idan an lanƙwasa shi. To, abin da fatake suka yi ta saya ke nan shekara da shekaru, kuma ko an shuka shi a ƙasa mafi albarka babu abin da zai tsiro. Irin gaskiya yana cikin 'ya'yan da ke nuna idan an bar furen ya buɗe, kuma wannan iri yana mutuwa cikin 'yan makonni idan ya bushe. A zamanin jiragen da iska ke turawa, tafiya daga Ternate zuwa Indiya ta fi ƙarfin ransa nesa ba kusa ba.

Gyaɗar ƙamshi ta ma fi wahala. 'Ya'yanta rawaya ne, kuma idan sun nuna sai su tsage gida biyu a kan bishiya, a ga wani jan zare-zare mai sheƙi ya nannaɗe ƙwallo mai duhu. Wannan jan zaren kayan ƙamshi ne mai zaman kansa, mutanen can suna ce masa fuli, kuma yakan fi ƙwallon tsada. Ana ɓare shi a hankali, a baje shi a rana har ya koma ruwan lemo. Ƙwallon kuma ana shanya shi makonni, a da a kan hayaƙi mai laushi, sai an girgiza an ji ƙwayar tana kaɗawa a cikin ɓawo sannan a fasa. A Banda ana cire 'ya'yan da doguwar gora mai ɗan kwando a kai, domin kada su faɗi ƙasa su lalace. Bishiyar ba ta son rana tsirara ko iska mai ƙarfi, shi ya sa gonakin Banda hawa biyu ne: manyan bishiyoyin kenari a sama suna ba da inuwa, gyaɗar ƙamshi a ƙarƙashinsu. Bayan busasshiyar ƙwaya ba ta tsirowa, akwai wata matsalar: bishiyar akwai mace akwai namiji, kuma mai shuka ba zai san wacce ya samu ba sai ta yi fure bayan shekara shida ko bakwai. Wanda ya sha wahala ya ƙetare da tsiro biyu ko uku zai iya wayar gari ya tarar duk maza ne. Mai yaɗa irin a daji wata babbar kurciya ce da ke haɗiye ƙwallon ta yar da shi a wani wuri, amma iyakar tafiyarta tsibiran da ke kusa.

Ba ina nufin ƙasa da yanayi ba su da tasiri ba. Tokar da duwatsu ke fesowa tana sabunta ƙasa, gangare yana hana ruwa kwanciya a saiwa, iskar teku kuma tana hana zafi da sanyi wuce gona da iri. Akwai ma zancen da ake yawan maimaitawa cewa kanumfari sai yana ganin teku, gyaɗar ƙamshi kuma sai tana shaƙar ƙamshinsa. Amma ko a cikin Banda, tsibiran Ai da Run duwatsun murjani ne da suka taso daga teku, ba su da wuta, ba su da ko maɓuɓɓugar ruwan sha ta kirki sai abin da aka tara daga sama, kuma gyaɗar ƙamshi ta yi kyau a kansu. Abin da bishiyoyin suke bukata shi ne ruwan sama mai yawa, ɗumi marar yankewa, da ƙasa mai tsane ruwa, kuma akwai wurare da yawa a duniya masu wannan siffa.

Ruwan sama kuwa akwai shi. Birnin Ambon yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara, wato ya ninka na Kano fiye da sau uku. Wani abin da ke ruɗa ɗalibai shi ne damina a Ambon da kudancin Seram da Banda tana zuwa ne tsakanin Mayu da Agusta, lokacin da Java da Bali suke cikin rani. Dalili shi ne iskar kudu maso gabas da ke tasowa a bushe daga Ostireliya tana ratsa tekun Banda ta kwashi danshi, sannan ta ci karo da tsaunukan Seram da Ambon ta sauke shi kamar da bakin ƙwarya. Arewacin Seram, da ke bayan tsaunin, yana samun nasa ruwan ne idan iska ta juya ta fito daga arewa maso yamma tsakanin Disamba da Maris. Tsibiri ɗaya ke nan da damina biyu mabambanta, gwargwadon gefen da mutum yake. A Ternate da Halmahera, kusa da ikwaita, ruwan ya fi rarrabuwa a cikin shekara. A kudu mai nisa, wajen Wetar da Kisar, rani yana da tsawo har ƙasar ta koma ciyayi, kuma can ba ƙasar kanumfari ba ce.

Wannan juyin iska ne ya buɗe wa tsibiran ƙofa. Daga Disamba zuwa Maris iskar yamma tana kai jirage daga Java da Malaka, tashar ciniki da ke Malesiya ta yau, zuwa gabas, daga Mayu zuwa Satumba iskar gabas ta dawo da su. Duk fataken da ya makara sai ya zauna watanni yana jiran iska, kuma a irin wannan zama ne aure da harshen Malay da addinin Musulunci suka samu gindin zama a bakin teku. Kanumfari ya isa ƙasar Sin tun zamanin daular Han, ya isa Rum, ya bi ta hannun Larabawa ya ƙetare Sahara. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa shi cikin kayan da ake shigowa da su kasuwar birnin. Mafi yawan masu sayensa a waɗannan kasuwanni ba su san ainihin inda yake fitowa ba, domin yana sauya hannu sau da yawa kafin ya iso.

Ƙanƙantar tsibiran tana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne ya fi bayyana tarihinsu. Tsibirin da aka cika da bishiyoyin ƙamshi ba ya iya ciyar da kansa. Abincin yau da kullum a Maluku shi ne sago, sitacin da ake fitarwa daga cikin kututturen wata bishiyar fadama, a dama shi da tafasasshen ruwa ya zama papeda, a ci da miyar kifi. Fadamun sago suna kan manyan tsibirai ne. Saboda haka Banda tana sayen sago daga Seram da Kai da Aru, shinkafa daga Java, tufafi daga Indiya, tana biya da gyaɗar ƙamshi, yayin da Ternate da Tidore suka dogara da Halmahera. Masarautu huɗu na arewa, Ternate, Tidore, Jailolo da Bacan, ƙarfinsu a kan jiragen yaƙi masu filafili da ake kira kora-kora yake, domin wanda ya riƙe mashigin ruwa shi ya riƙe abinci da ciniki. Sarkin Ternate Zainal Abidin, wanda ya yi mulki daga 1486 zuwa 1500, shi ake ɗauka ya fara amfani da laƙabin sultan. Banda ba ta da sarki ɗaya. Dattawan fatake da ake kira orang kaya ne suke gudanar da ita.

Turawa sun gane wannan rauni da wuri. Mutanen Fotugal sun isa Banda a 1512, shekara guda bayan sun ci Malaka. Jirage biyu da suka rage daga ayarin Magellan, wanda Sifaniya ta tura, sun isa Tidore a watan Nuwamba na 1521. Sultan Baabullah ya kori Fotugal daga Ternate a 1575, bayan sun kashe mahaifinsa Sultan Hairun a 1570. Amma kamfanin cinikin Holan da ake kira VOC, wanda ya kama Ambon a 1605, shi ne ya mayar da labarin ƙasa makami. Ƙasa mai faɗi ba a iya kewaye ta, tsibirin da tsawonsa bai wuce kilomita goma sha biyu ba kuwa jirage kaɗan sun isa su hana shi abinci. A 1621 gwamnan kamfanin, Jan Pieterszoon Coen, ya mamaye Banda. Daga cikin mutane kimanin 15,000, kusan dubu ɗaya ne suka rage a tsibiran, sauran an kashe su, ko yunwa ta kashe su, ko an kwashe su bayi, ko sun gudu. Zuriyar waɗanda suka gudu suna nan har yau a ƙauyukan Banda Eli da Banda Elat na tsibirin Kai Besar, kuma a can ne tsohon harshen Banda ya tsira. An yanka ƙasar zuwa gonaki 68 aka raba wa Turawa, aka kawo bayi daga wasu wurare su yi noma. Ingila ta haƙura da Run a yarjejeniyar Breda ta 1667, ita kuma Holan ta bar mata Manhattan, inda birnin New York yake a yau.

Da kanumfari kuwa sai suka sake zana taswirar gaba ɗaya. Kafin zuwansu manoma sun riga sun kai bishiyar kudu zuwa Ambon da yammacin Seram, abin da ke nuna cewa tafiya ta kusa ba ta gagari irin ba. Kamfanin ya ga ba zai iya sa ido a kan dukkan tsibiran ba, sai ya ƙulla yarjejeniya da Sultan Mandarsyah na Ternate a 1652 cewa a sare bishiyoyin kanumfari a ƙasarsa a riƙa biyansa kuɗi duk shekara, aka taƙaita noman a Ambon da ƙananan tsibirai uku da ke gabas da shi, Haruku, Saparua da Nusa Laut. Ayarin jiragen kora-kora da ake kira hongi ya riƙa zagaye gaɓa yana sare duk bishiyar da aka gani ba bisa izini ba. Haka gidan kanumfari na asali ya wayi gari babu kanumfari sai 'yan tsirarun da suka ɓuya a kan gangare. A jikin Gamalama har yanzu ana nuna wa baƙi wurin tsofaffin bishiyoyin da ake kira Afo, waɗanda aka ce daga cikin masu tsira suke.

Katangar ta fashe a 1770, lokacin da Bafaranshe Pierre Poivre ya shirya aka sato tsiron kanumfari da gyaɗar ƙamshi a raye zuwa tsibirin Morishiyos. Daga tsibiran Faransa na tekun Indiya kanumfari ya isa Zanzibar wajajen 1818, kuma Sultan Sayyid Sa'id ya ƙarfafa nomansa da aikin bayi har Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, suka zama kan gaba a duniya a tsakiyar ƙarnin. Guguwar 1872 ta rusa gonakin Unguja, Pemba ta tsira, kuma tun daga lokacin ita ce take ba da mafi yawan kanumfarin Zanzibar. Pemba tsibiri ne mai tuddai da ƙasa mai zurfi da damina biyu a shekara, kimanin digiri 5 kudu da ikwaita, kuma babu dutse mai aman wuta a kansa. Turawan Ingila ma, da suka riƙe Banda na ɗan lokaci a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, sun kwashi dashen gyaɗar ƙamshi zuwa Penang ta Malesiya da Silon, wato Siri Lanka ta yau, kuma a 1843 ta isa Girenada a yankin Karibiyan, ƙasar da ta sa hotonta a tutarta. A yau Indonesiya ce ta fi kowa noman kanumfari, amma mafi yawansa a cikin gida yake ƙarewa, a cikin tabar kretek da ake haɗawa da shi, saboda haka galibi Madagaska ce kan gaba wajen fitar da shi kasuwar duniya.

Zama a kan mahaɗar farantai yana da farashi. Ranar 17 ga Fabrairu 1674 girgizar ƙasa da igiyar tsunami sun kashe fiye da mutum 2,000 a Ambon da Seram. Masanin tsirrai Rumphius, wanda ya rubuta labarin abin da ya faru, ya rasa matarsa da 'yarsa a ranar. A 1988 dutsen Makian ya yi aman da ya sa aka kwashe mutanen tsibirin, a watan Mayu na wannan shekarar kuma Gunung Api na Banda ya malalo da narkakken dutse har cikin teku. Masu bincike sun tarar cewa cikin shekara biyar murjani ya sake lulluɓe wannan malala, da sauri fiye da yadda aka zata, kuma wurin ya zama inda masu ninƙaya suke zuwa kallo. Dutsen Dukono na arewacin Halmahera bai daina fesa toka ba tun 1933, Gamalama kuma yakan sa a rufe filin jirgin saman Ternate lokaci zuwa lokaci.

Har a zaman jama'a ana ganin sawun wannan tarihi. Tsibirin Ambon zirin ƙasa biyu ne da ɗan siririn wuya ya haɗa: Leihitu ta arewa, inda fataken Musulmi suka fara sauka kuma inda tsohon masallacin Wapauwe yake, mafi yawan ƙauyukanta Musulmi ne, Leitimur ta kudu, inda Turawa suka kafa ganuwarsu, Kiristoci sun fi yawa. Rikicin addini da ya ɓarke a 1999 ya ci dubban rayuka kafin yarjejeniyar Malino ta biyu a Fabrairun 2002. Ƙauyuka da yawa har yanzu suna riƙe da al'adar sasi, wato haramta girbin wani amfani na gona ko na teku na wani lokaci har sai ya kai, kuma ana aiki da ita a kan kwakwa da gyaɗar ƙamshi da kifi.

Dukiyar da ke jan hankalin duniya zuwa Maluku a yanzu ta fito ne daga gogayyar farantan nan. Gabashin Halmahera da tsibirin Obi duwatsu ne na ƙasan teku da aka turo sama, masu ɗauke da ma'adinin nikel, kuma ruwan sama na dubban shekaru ya wanke su ya bar jar ƙasa mai yawan wannan ma'adini a kusa da sama. Bayan Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, an gina manyan masana'antun narkarwa a Weda da Obi domin ƙarfe marar tsatsa da batirin motoci masu lantarki, kuma tattalin arzikin Maluku ta Arewa ya haɓaka da fiye da kashi 20 cikin ɗari a 2022 da kuma 2023, fiye da kowane lardi a ƙasar. Haƙar tana bukatar a share daji a kwashe ƙasar sama, kuma a wuri mai gangare da ruwan sama irin wannan, laka ba ta da wurin zuwa sai koguna da bakin teku, shi ya sa masunta da manoman kwakwa da gyaɗar ƙamshi na yankin Weda suke ta ƙorafi kan gurɓatar ruwa da rasa gonaki.